Wutsiyar Kashi na Takwas

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 12:40 na rana

Kashi na takwas na shirinmu ya haura masu kallo dubu arba'in. Mu da muka saba da ɗari shida, rabinsu ma dangin Femke ne. Rinze, mai kamfanin, ya shigo da kek ɗin lemo kamar yau aka haife shi, ya ce, "Hilke, ashe darakta muka ajiye tana amsa wasiƙun masu ƙorafi." Na ci yanka ɗaya don kada a tambaye ni me ke damuna.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, tunda yanzu kowa cewa yake dabararsa ce. Kayan gyaran keke muke sayarwa ta intanet, mu tara a sito ɗaya a bakin garin Drachten. A watan Agusta Rinze ya je wurin masu talla, ya dawo yana fifita da hularsa don jin kuɗin da suka yanka masa, ya ce mu yi bidiyon tallanmu da kanmu. Kayan aikin kuwa, kyamarar da nake ɗaukar hoton kaya da ita, makirufo ɗaure a sandar tsintsiya wanda Rinze ke riƙewa, sai fitilun sito guda biyu. Femke mai amsa waya ita ce ke kawo keke da matsala. Douwe, wanda ya shekara ashirin da shida yana ɗaure kaya a nan, shi ne gwanin da ya san komai, kuma duk shawarar da ya bayar ɓarna ce. Tayarki na sacewa? Ki ɗura mata miyar wake mai kauri, ba ta da hanyar fita. Minti uku duk Juma'a, kashi goma muka yi alkawari. A ƙarshen kowanne ina liƙa kurakuran da aka yi wajen ɗauka, muna ce musu wutsiya. Ita mutane suka fi so.

A wutsiyar kashi na takwas Douwe yana riƙe da famfon keke. Famfo kawai zai ce. Sai ya ce, "Wannan abin… mai hurawa… ɗan'uwan taya…" Daƙiƙa arba'in yana juya shi a hannu. Ana jin dariyata a bayan kyamara, wannan mummunar dariyar tawa mai shaƙewa.

Da safen nan na kalla sau uku da sautin a kashe. Ban ji daɗin abin da na gani ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 8:15 na safe

Wata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon, cikin masu cewa cikinsu ya ƙulle: "Haka mahaifina ya fara. Ku sa a duba shi." Na ɓoye maganar tata kafin kowa ya iso ofis. Mutum bai san ka ba, bai san garinku ba, ya zauna a ɗakinsa ya zama likita. Haushi ya hana ni shan kofi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 5:30 na yamma

Mun ɗauki na tara. Abin da muke gamawa cikin minti arba'in yau ya ci awa biyu.

Douwe layi takwas gare shi. Na rubuta masa su a jikin kwali da manyan baƙaƙe, abin da ban taɓa yi ba, na ce don mu yi sauri ne. Sau biyu ya kira Femke da Tineke. Tineke ta bar aiki a nan shekara goma da suka wuce. Femke ta ce, "Kai tsoho, Tineke ta fi ni kyau ne da ba ka manta ta ba?" Ya ce, "Ta fi ki iya shiru." Rinze ya yi dariya har sandar makirufon ta shigo cikin hoto, yana raɗa min, "Kada ki yanke wannan, zinariya ce."

Da muka gama Douwe ya cire rigar aikin ya ce, "Darakta, yau wutsiyar biri na yi miki, ki auna ta." Na ce na gode. Sai ya je ya tsaya gaban ƙugiyoyin da muke rataye riguna. Rigarsa ta ruwa shuɗiya tana gabansa, ita ɗin dai da yake sawa tun zuwana kamfanin nan. Ya daɗe a tsaye. Na wuce kamar zan ɗauki tawa, na zare tasa na miƙa masa. Bai kalle ni ba.

Ba komai ba ne. Mutum ya gaji, shekararsa hamsin da tara, kuma duhu ke yi tun ƙarfe biyar.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 2:20 na rana

Na ɗora na tara ba wutsiya. Rinze ya zo ya tsaya min a ka da kofinsa.

"Ina sauran?"

"Babu saura."

"Haba Hilke, ina wurin fa. Tineke, Tineke. Kin san abin da mutane ke jira ke nan."

"To su jira."

"Me ya same ki ne? Abu ya fara kama wuta, ke kuma kin zo da bokitin ruwa."

Na ce sautin ne ya lalace, tunda mai riƙe makirufon ya kasa riƙe bakinsa. Ya tafi yana gunaguni. Ƙarya ce, sautin lafiyarsa ƙalau, kuma na iya ta fiye da yadda na zata.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 4:00 na yamma

Ruwa tun safe. Na ce ba zan buɗe kwamfuta ba. Na buɗe.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 7:10 na yamma

Aukje, matar Douwe, ta zo gidana. Ba waya, ba alkawari, kuma daidai ƙarfe shida ina sauke dankali. Ta ƙi cire rigar ruwanta, ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya.

Ta ce suna da ganin likita a asibiti ranar Litinin. An tambaye ta yaushe ta fara lura da mantuwar Douwe, ta rasa amsa, don a gida komai ya ɓace masa sai ya mayar da shi wasa, shekara talatin da huɗu kuma haka yake, ta ina za ta bambance? Likitar ta ce in akwai bidiyonsa na watannin nan a kawo.

"Duka nake so," in ji ta. "Har wanda kika yanke."

Na ce zan haɗa mata. Na tambaye ta ko za ta sha kofi, ta ce a'a.

"Ke kika fi kowa kallon fuskarsa tun Satumba, Hilke. Har ni. Ba ki ga komai ba?"

Na ce na ɗauka wasa ne.

"Eh, na ji ki. Kin yi dariya sosai."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta faɗi sunan abin da likitar ke zato, sau ɗaya, tana kallon tukunyata. Ba zan rubuta shi ba. Dankalin yana nan, ya huce.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 6:45 na yamma

Na jera wutsiyoyin daga ta farko zuwa ta tara da ban ɗora ba, abin da ban taɓa yi ba, don kullum ta makon kawai nake gani.

Ta farko daƙiƙa goma sha ɗaya ce. Da gangan Douwe yake kuskuren, in ya gama sai ya kashe min ido ɗaya. Ta biyu da ta uku haka. A ta huɗu bai kashe idon ba. Daga ta biyar, duk sanda kalma ta ɓace masa, ba kyamara yake kallo ba, sama da ita kaɗan yake kallo, inda fuskata take. Ni yake jira in ba shi kalmar. Ni kuwa na toshe baki da hannu kada dariya ta girgiza min hoto.

Famfo. Gaɓa biyu, da na faɗa masa an wuce wurin.

Ni na zaɓi kowace daƙiƙa a ciki. Ni na ƙara tsawon shirun a ta shida don ya fi ban dariya, ni na sa ɗan kiɗan nan a ƙarƙashinsa. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 9:05 na safe

Na ce wa Rinze kyamara ta lalace, ba ɗauka yau. Tana cikin jakata, lafiya lau.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 3:30 na yamma

Douwe bai zo ba. A allon aiki an rubuta "likitan haƙori". Femke ta ce, "Haƙoran nasa nawa suka rage da zai kwashe yini guda?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a kalle ni.

Masu kallo na tambayar ina na goma. Wani ya ce ko gwanin ya manta hanyar sito ne. Mutum ɗari biyu sun nuna maganar ta burge su.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 1:15 na rana

Douwe ya kama ni. Kwana biyu ina zagayewa ta ƙofar gaba don kada mu haɗu, yau sai ga shi a bakin teburina da burodinsa a leda. "Darakta, zo ki taya ni cin abinci, kar a ce na mutu da yunwa a hannunki."

Muka zauna kan kwalayen taya a ƙuryar sito. Ya ɓare burodinsa da cuku ya miƙo min rabi.

"Kyamarar nan ba ta lalace ba," ya ce.

"Ta lalace."

"Hilke, abin da na manta daban, abin da na sani daban. Ba ki iya ƙarya ba, kunnuwanki ja suke yi."

Ya ce sun nuna masa bidiyon a asibiti, likitar har ta yi murmushi a wurin miyar wake, ya ji daɗin wannan. Ya ce shi ya sani tun bazara, tun ranar da ya tsaya a mararrabar gidansu ya rasa hagu zai yi ko dama. Sai ga Rinze da maganar shiri, aka ce ana neman wanda zai yi shirme.

"Na ce to, ga aiki ya zo daidai da ni. Da a kalle ni da idon tausayi, ai gara a yi dariya. Mutum dubu arba'in, 'yar nan. Ubana bai taɓa sa mutum huɗu dariya ba."

Raina ya ɓaci, na kasa dannewa. Na ce, "Ka mayar da ni sakarya. Kana nutsewa a gabana, ka bar ni ina tafa maka."

"Ni na bar ki? To, ni na bar ki. Ki yi haƙuri." Ya karkaɗe ɓurɓushin burodi daga gwiwarsa. "Ƙarshen wata zan ajiye aiki, Aukje da likita sun gama magana. Amma goma aka ce, tara muka yi. Ban taɓa fitar da kwali da saura kaya ɗaya bai shiga ba."

Na ce Aukje ba za ta yarda ba.

"Ni Aukje ta aura, ba shirin ba. Je ki same ta, ke tana jin nauyinki."

Ba ta jin nauyina, tsanata take yi, kuma da gaskiyarta. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi sauri, shi tunaninsa ba ya jiran kowa. Ya so in yi dariya, ban yi ba, sai ya tashi ya koma kan aikinsa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 11:00 na safe

Douwe ya gaya wa Rinze da kansa. Rinze ya fita ya zauna cikin motarsa a wurin ajiye motoci, ana ruwa, ya fi rabin awa. Da ya dawo ya ce in sauke duka tara daga intanet yau ɗin nan. Mutumin da ke cewa zinariya ce. Na ce ba nasa ba ne da zai sauke, ba nawa ba ne kuma. Ya ce, "To na waye?" Na ce ya tambayi mai fuskar.

Femke ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta fito. Yanzu kowa lallaɓa Douwe yake kamar ƙwai, ana buɗe masa ƙofa, ana tambayarsa ko yana son kujera. Na ga fuskarsa da Rinze ya karɓe masa kwali daga hannu. Abin da ya guda ke nan tun bazara, ga shi ya same shi cikin safiya ɗaya.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 12:00 na rana

Ba abin ɗorawa. Na zauna ina kallon agogo har sha biyu ta wuce.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je wurin Aukje. Na yi waya tukuna. Ta tura Douwe kasuwa sayen kifi da takarda a aljihu, ta zuba min kofi, ta buɗe gwangwanin biskit na ɗauki ɗaya ta rufe.

Na ce na zo neman izinin na goma. Ta ce ta sani.

"Ku ba ku ƙoshi ba? Me ya rage a jikinsa da ba ku nuna wa duniya ba?"

Na ce shi yake so.

"Yana son ya tuƙa mota ma. In ba shi makulli?"

Na gaya mata gaskiya, cewa ni ma ba na so, kuma na ɓoye maganar wata mata da ta gane tun farkon wata. Ban san me ya sa na faɗi wannan ba. Ta daɗe tana juya cokali a kofin da babu sukari.

"Kullum da safe sai ya kalli na takwas," ta ce. "Yana karanta abin da mutane suka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ina wanke-wanke. Jiya ya tambaye ni ko shi ne ya shirya wurin famfon. Na ce shi ne."

Sai ta kafa sharaɗi. Ita za ta riƙe kwalin layukan. Ba wutsiya. In ta ce a tsaya, an tsaya, ko a tsakiyar kalma ne. Na ce na yarda. Da zan fita ta ce, "Ban yafe miki ba tukuna, kada ki ɗauka." Na ce ban ɗauka ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 4:10 na yamma

Na rubuta na goma. Layi shida, gajeru. Femke za ta kawo keke ta ce ba abin da ke damunsa, lafiyarsa ƙalau, shi ya sa hankalinta ya tashi. Douwe zai duba birki, ya duba taya, ya girgiza kai ya ce, "Wannan babba ce. Bar min shi zuwa gobe, zan samo masa matsala."

Na yi ta cire duk kalmar da za ta iya ba shi wahala har na rasa ko akwai sauran abin dariya a ciki. Ya karanta ya ce, "Wa kika rubuta wa wannan, jariri?" Ya ƙara layi ɗaya da birona.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe 7:50 na safe

Ciwon kai. Ruwa. Gobe ne.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 6:50 na yamma

Ƙarfe uku muka fara. Duk mutanen kamfanin sun tsaya a bayana, har direba. Aukje ta tsaya dab da kafaɗata da kwalin a ƙirjinta, ina jin numfashinta.

Douwe bai ko kalli kwalin ba. Layi bakwai ya zubo su a jere, kowanne a wurinsa, har da ɗan shirun da ke sa abu ya yi daɗi. Da ya ce zai samo wa keken matsala Femke ta fashe da dariyar gaske, ta kasa ƙarasa nata. Aka tafa. Rinze ya rungume Douwe, Douwe ya ce masa, "Sake ni, oga, matata na kallo." Na kashe kyamara na sa a jaka, aka kashe fitilu, aka jingine sandar makirufo. Femke ta je ta haɗo kofi. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan minti goman ba.

Douwe ya shiga banɗaki. Da ya fito bai cire rigar aikin ba. Ya zo ya tsaya daidai kan alamar da na liƙa masa a ƙasa, ya gyara wuyan riga, ya dafa sirdin keken.

"To, darakta, yaushe za mu fara? Duhu na yi."

Direba ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Kowa ya juyo yana kallona, don ni ce na san fuskar nan. Na dube shi. Ba wasa yake ba.

Na ce, "Kai muke jira."

Na zuge jaka na fito da kyamara. Aukje ce ta fara motsi, ta ajiye kofinta ta ɗauki kwalin daga kan tebur ta dawo kafaɗata. Rinze ya ɗauki sandarsa. Wani ya kunna fitilu. Femke ta goge fuska da bayan hannu ta ja keken baya zuwa bakin ƙofa, ta sake shigowa da shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Wannan karon ya karanta daga kwali, duka bakwai, a hankali. A layi na biyar ya tsaya, ya ɗago ya kalle ni. Na faɗa masa kalmar, birki, ya ɗauka ya wuce. Aukje ba ta ce a tsaya ba. Da ya gama muka sake tafawa, mu tara har da ita, da ƙarfi fiye da na farko.

Ya zo yana share hannu a jikin riga. "Yaya? Ya yi?"

Na ce ya yi.

"Ɗauka ɗaya tak, 'yar nan. A shekaruna. Ki rubuta wannan a wani wuri."

To, ga shi na rubuta.